Anthony Ervin

Anthony Lee Ervin (an haife shi a ranar 26 ga watan Mayu, shekarar 1981) ɗan wasan ninƙaya ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya ƙware a tseren gajeren zango na mita 50 da mita 100 a salon firistayil. Ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik sau uku, a shekarun 2000 da 2012 da 2016, ya kuma samu lambobin yabo huɗu: zinare uku da azurfa ɗaya. An fi saninsa da lashe zinaren mita 50 har sau biyu da tazarar shekara 16 a tsakani. Na farko ya ci shi a Sydney yana da shekara 19, na biyu a Rio de Janeiro yana da shekara 35, abin da ya sa a lokacin ya zama mafi yawan shekaru a cikin waɗanda suka taɓa cin zinaren Olamfik a tseren ninƙaya na mutum ɗaya. A tsakanin nasarorin biyu ya yi kusan shekara takwas ba ya shiga gasa, har ma ya sayar da lambar zinarensa ta farko.

Farkon rayuwa

An haifi Ervin a jihar Kalifoniya, ya kuma tashi a unguwar Valencia da ke Santa Clarita, arewa da birnin Los Angeles. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce, mahaifinsa kuma Ba'amurke ne mai tsatson Afirka. Tun yana ƙarami yaro ne mai ƙiriniya, shi ya sa iyayensa suka sa shi a ninƙaya ko ruwa ya rage masa ƙarfin da ya yi masa yawa. Ya fara gasa a ƙungiyar Canyons Aquatic Club, daga baya ya wakilci makarantar sakandare ta Hart. A shekarun farko ya fi yin fice a iyon rigingine, kafin ya karkata ga salon da ya yi suna a kansa.

Dab da balagarsa likitoci suka gano yana da ciwon Tourette, wata larura ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ke sa mutum yin motsi ko sautin da bai yi niyya ba. A wurin Ervin ta fi bayyana ne ta hanyar ƙifta ido da sauri ba ƙaƙƙautawa, musamman idan hankalinsa ya tashi. An ɗora shi a kan magungunan kwantar da jijiyoyi, ya kuma daɗe yana shan su. Daga baya ya sha faɗin cewa larurar ta ware shi daga sauran yara, amma kuma ta koya masa yadda ake riƙe jiki a lokacin fargaba, abin da ɗan tseren gajeren zango ke buƙata a daƙiƙoƙin da ke gaban tashi.

A shekarar 1999 ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A can ya haɗu da koci Mike Bottom, wanda ya ƙware wajen horar da 'yan gajeren zango. A watan Maris na shekarar 2000, a gasar jami'o'in Amurka ta NCAA, wadda a wannan shekarar aka yi ta a ƙaramin tafki mai tsawon mita 25, Ervin ya gama mita 50 cikin daƙiƙa 21.21. Wannan ya zama sabon tarihin duniya a ƙaramin tafki, alhali yana ɗan aji ɗaya a jami'a, bai cika shekara 19 ba.

Tseren da ya ƙware a kansa

Firistayil na nufin ɗan wasa yana da 'yancin yin iyo da salon da ya ga dama, sai dai kusan kowa kan zaɓi iyon rub-da-ciki, inda hannaye ke shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu kuma suna dukan ruwa, domin babu salon da ya kai shi sauri. Tafkin Olamfik tsawonsa mita 50 ne, saboda haka tseren mita 50 tafiya ɗaya ce daga wannan bango zuwa wancan, babu juyawa. An shigar da shi cikin jerin wasannin Olamfik na zamani a shekarar 1988 a Seoul, inda Matt Biondi na Amurka ya yi nasara. Alexander Popov na Rasha ya biyo baya da zinare biyu a jere, a 1992 da 1996.

Shi ne tsere mafi gajarta a ninƙaya, kuma wanda ba ya yafe kuskure. Manyan 'yan wasa kan gama shi cikin daƙiƙa 21 zuwa 22, da yawansu ba sa ɗaga kai su shaƙi iska ko sau ɗaya, domin juya kai na rage gudu. Wanda ya yi jinkirin tsalle daga dandamali, ko ya shiga ruwa a karkace, ko hannunsa ya isa bango a tsakiyar bugu, ba shi da sauran fili da zai gyara. A irin wannan gudun, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa bai wuce tazarar santimita biyu da ɗoriya ba, wato ƙasa da tsawon gaɓar yatsa.

Ana auna lokaci ne da allon lantarki da ke manne a jikin bango, wanda ke tsayar da agogo da zarar ɗan wasa ya taɓa shi. Na'urar tana iya ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma doka ta tsaya a kashi ɗaya cikin ɗari. Hakan ya samo asali ne daga gasar Munich ta 1972, inda aka raba Gunnar Larsson na Suwidin da Tim McKee na Amurka da kashi biyu cikin dubu a tseren mita 400 na haɗakar salo. Bayan nan aka sauya doka, domin ba a iya gina tafki ta yadda kowane layi zai yi daidai da ɗan uwansa har zuwa milimita. Tun daga lokacin, idan mutum biyu suka zo da lokaci ɗaya, sai a ba su matsayi ɗaya. Wannan doka ta yi tasiri kai tsaye a tarihin Ervin.

Sydney 2000

Kafin gasar tantance 'yan wasan Amurka, Ervin ya koma birnin Phoenix na jihar Arizona inda ya yi atisaye a ƙarƙashin Bottom tare da Gary Hall Jr., wanda ya girme shi da kusan shekara bakwai, ya kuma riga ya ci azurfa a bayan Popov a 1996. Hall yana fama da ciwon suga, wanda aka gano masa a 1999. A gasar tantancewar da aka yi a Indianapolis, Hall ya zo na ɗaya a mita 50 da 21.76, Ervin na biyu da 21.80. Dukansu sun shafe tarihin Amurka na 21.81 da Tom Jager ya kafa tun 1990. Ervin ya kuma samu gurbi a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, inda kowa ke yin mita 100.

Tseren karɓa-karɓar ne ya fara zuwa, a ranar 16 ga watan Satumba. Amurka ba ta taɓa faɗuwa a wannan tsere ba a duk lokutan da aka yi shi a Olamfik, kuma kafin gasar Hall ya yi wata cika baki da ta harzuƙa 'yan Ostireliya. Ervin aka sa ya buɗe wa Amurka. A layin da ke kusa da shi Michael Klim ya yi 48.18, ya kafa sabon tarihin duniya a mita 100, ya bar Ervin a baya. Neil Walker da Jason Lezak sun rage tazarar, Hall ma ya wuce gaba a zangon ƙarshe, amma Ian Thorpe ya kamo shi a mitocin ƙarshe. Ostireliya ta gama da minti 3 da daƙiƙa 13.67, Amurka da 3:13.86. Lambar Olamfik ta farko da Ervin ya samu ke nan, azurfa, a daren da ƙasarsa ta ɗauke shi a matsayin faɗuwa.

A ranar 22 ga watan aka yi zagayen ƙarshe na mita 50. A cikin mutum takwas ɗin akwai Popov, wanda watanni uku kafin nan ya kafa tarihin duniya na 21.64, da Pieter van den Hoogenband na ƙasar Holan, wanda ya riga ya ci zinaren mita 100 da na 200 a wannan gasa. Da aka taɓa bango, allo ya nuna lamba ɗaya a gaban sunaye biyu: Ervin 21.98, Hall 21.98. Aka ba kowannensu zinare, ba a ba kowa azurfa ba, van den Hoogenband ya karɓi tagulla da 22.03. Popov ya ƙare a na shida. Abokan atisaye biyu, masu koci ɗaya, suka tsaya tare a kan mataki ɗaya. Wannan ne karo na biyu da aka raba zinare a ninƙayar Olamfik, bayan Nancy Hogshead da Carrie Steinseifer a mita 100 na mata a 1984.

Kafofin watsa labarai sun fi mayar da hankali kan wani ɓangaren dabam: Ervin ne Ba'amurke na farko mai tsatson Afirka da ya shiga tawagar ninƙaya ta Amurka a Olamfik, kuma na farko da ya ci lambar yabo. Ba shi ne baƙar fata na farko a duniya ba, domin Anthony Nesty na Suriname ya ci zinaren mita 100 a salon malam-buɗe-littafi tun 1988, Enith Brigitha ta Holan kuma ta ci tagulla biyu a 1976. Amma a Amurka, inda aka daɗe ana hana baƙar fata shiga wuraren ninƙaya na jama'a, lamarin yana da nauyi. Ervin, wanda fatarsa ke da haske har mutane da yawa ba su san asalinsa ba, ya bayyana daga baya cewa wannan laƙabi ya zo masa ba shiri, kuma yana ɗan shekara 19 bai san yadda zai ɗauki wakilcin da aka ɗora masa ba.

Zakaran duniya da barin wasa

Shekarar 2001 ce ƙololuwar zangon farko na rayuwarsa ta wasa. A gasar cin kofin duniya ta wasannin ruwa da aka yi a Fukuoka ta ƙasar Japan, ya lashe mita 50 da 22.09, sannan ya lashe mita 100 da 48.33, a duka biyun yana gaban van den Hoogenband. Nasarar mita 100 ta fi ba da mamaki, domin ana ganin ɗan mita 50 ne da numfashinsa ba zai kai shi zango na biyu ba. Ya fita da gudun da ya fi na kowa a mita 50 na farko, ya riƙe ragowar da ƙyar. A 2002 ya samu azurfa biyu a gasar ƙasashen yankin tekun Pasifik a Yokohama. A gasar duniya ta 2003 a Barcelona bai kai zagayen ƙarshe ba, kuma a wannan shekarar ya daina wasa yana da shekara 22, shekarun da yawancin 'yan gajeren zango ba su ma kai ganiyarsu ba. Ya bar jami'a bai kammala ba.

Abin da ya biyo baya shi da kansa ya ba da labarinsa a littafin tarihin rayuwarsa, Chasing Water: Elegy of an Olympian, wanda ya rubuta tare da Constantine Markides aka wallafa a 2016. Ya yi ta yawo daga gari zuwa gari, yana kwana a ɗakunan abokai, yana kaɗa jita a ƙungiyoyin kiɗa, yana ƙananan ayyuka. Ya faɗa shan giya da ƙwayoyi da taba, ya yi fama da ciwon damuwa mai tsanani har ya taɓa yunƙurin kashe kansa, ya kuma yi hatsari a kan babur saboda gudun ganganci. A cikin waɗannan shekaru ya nemi natsuwa a addinin Buddha, ya kuma cika hannayensa biyu da zanen jarfa, wanda daga baya ya zama alamar da ake gane shi da ita a bakin tafki.

Bayan igiyar ruwa ta tsunami da ta afka wa ƙasashen gaɓar tekun Indiya a ranar 26 ga Disamba, 2004, ta kashe mutum fiye da 200,000, Ervin ya sa lambar zinarensa ta Sydney a kasuwar gwanjo ta eBay. An saye ta a kan dala 17,000 da 'yan kai, ya ba da kuɗin gaba ɗaya ga aikin agajin waɗanda bala'in ya shafa, duk da cewa shi ma a lokacin ba shi da abin hannu. Azurfar kuwa, ta ɓace masa a cikin yawace-yawacensa.

Hanyar komawarsa ruwa ta biyo ta koyarwa ne. A birnin New York ya samu aiki a makarantar Imagine Swimming yana koya wa ƙananan yara iyo, kuma ya ce ganin yadda yara ke wasa da ruwa ba tare da tunanin agogo ba ne ya dawo masa da sha'awar da gasa ta kashe. Ya koma Berkeley ya kammala digirinsa na farko a fannin Ingilishi a 2010, ya shiga karatun digiri na biyu, ya daina shan taba, sannan a 2011 ya koma atisaye.

Dawowa

Wasan da ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. A shekarun 2008 da 2009 an yi zamanin rigunan ninƙaya na roba masu ɗaga jiki a kan ruwa, waɗanda aka karya tarihi da yawa da su. A cikinsu ne César Cielo na Brazil ya kai tarihin mita 50 zuwa 20.91 a Disambar 2009, kafin hukumar FINA ta haramta su daga farkon 2010. Ervin bai yi gasa ko ɗaya a wannan zamani ba. An kuma sauya dandamalin tsalle, aka ƙara masa matokari a baya wanda ɗan wasa ke dannawa da ƙafa, abin da ya ƙara fifita masu ƙarfin tashi. Nan ne kuwa raunin Ervin yake. Siriri ne idan aka kwatanta shi da abokan karawarsa, kuma sau da yawa yakan fito daga nutso a bayansu. Ƙarfinsa yana cikin iyon kansa: yadda hannunsa ke kama ruwa da yadda jikinsa ke tafiya a samansa ba tare da jan baya ba. Idan aka bar batun tashi, kaɗan ne a zamaninsa suka kai shi gudu a tsakiyar tafki.

A gasar tantancewa ta 2012 a Omaha ya zo na biyu a bayan Cullen Jones da 21.60, lokacin da ya fi duk wanda ya taɓa yi yana matashi. A Landan ya kai zagayen ƙarshe, amma tashinsa ya yi muni, ya ƙare a na biyar da 21.78. Florent Manaudou na Faransa ne ya ci zinaren da 21.34. Ga mutumin da shekara biyu kafin nan ba a lissafa shi cikin 'yan wasa, matsayi na biyar a duniya ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutane da yawa sun ɗauka labarin ya ƙare a nan.

Bai tsaya ba. A ƙarshen 2012 ya kafa tarihin Amurka na 20.85 a ƙaramin tafki a Berlin, ya kuma ci tagulla a mita 50 a gasar duniya ta ƙaramin tafki a Istanbul. A gasar duniya ta 2013 a Barcelona ya yi 21.42 a zagayen kusa da na ƙarshe, amma ya ƙare a na shida, ya samu azurfa a karɓa-karɓa. Shekarar 2015 ta zo masa da koma baya: a Kazan ta ƙasar Rasha bai kai zagayen ƙarshe na mita 50 ba, tawagar Amurka ta karɓa-karɓa ma, wadda yake cikinta, ta faɗi tun a zagayen share fage. Watanni kaɗan kafin gasar tantancewa ta 2016 ya koma birnin Charlotte, ƙungiyar SwimMAC, a ƙarƙashin koci David Marsh, inda aka ba gyaran tashinsa muhimmanci.

Rio 2016

A Omaha ya sake zuwa na biyu a mita 50, a wannan karon a bayan Nathan Adrian da kashi ɗaya cikin ɗari, 21.52 da 21.51. Ya zo na huɗu a mita 100, wanda ya ba shi gurbin karɓa-karɓa, kuma abokan wasansa suka zaɓe shi cikin kyaftin-kyaftin na tawagar. A Rio ya yi iyo a zagayen share fage na karɓa-karɓa. Caeleb Dressel da Michael Phelps da Ryan Held da Adrian ne suka lashe zagayen ƙarshe, kuma bisa doka duk wanda ya yi wa tawaga iyo a share fage yana samun lamba, don haka Ervin ya karɓi zinare. Dressel yana da shekara huɗu a duniya lokacin da Ervin ya ci zinaren Sydney.

A mita 50 kowa Manaudou yake kallo. Shi ne mai riƙe da kambun Olamfik, shi ne zakaran duniya na 2015, shekararsa 25, kuma shi ya fi kowa sauri a zagayen kusa da na ƙarshe da 21.32, Ervin kuma 21.46. A daren 12 ga watan Agusta, Manaudou ya riga shi fitowa daga nutso kamar yadda aka zata, sai dai tazarar ba ta kai ta Landan ba. Ervin ya cinye ta a tsakiyar tafki, suka isa bango kusan tare. Allo ya nuna Ervin 21.40, Manaudou 21.41, Adrian 21.49. Zinarensa na farko ya raba shi da wani saboda babu ko kashi ɗaya cikin ɗari a tsakaninsu, na biyun kuma ya same shi shi kaɗai da kashi ɗayan tak.

Lokacin da ya yi a Rio ya fi na Sydney sauri da fiye da rabin daƙiƙa, kuma shi ne mafi kyau a rayuwarsa. Da a ce 21.98 ɗin da ta ba shi zinare a 2000 ya yi a Rio, da bai ma shiga cikin takwas na ƙarshe ba. Tarihin mafi yawan shekaru da ya karɓa kuwa, kwanaki kaɗan kafin nan Phelps ya kafa shi yana da shekara 31. Kwana ɗaya kafin nasarar Ervin, Simone Manuel ta zama baƙar fata mace ta farko da ta ci zinaren Olamfik a tseren ninƙaya na mutum ɗaya, ita ma ta hanyar raba matsayi na ɗaya da Penny Oleksiak ta Kanada a mita 100, da daƙiƙa 52.70.

Bayan Rio

A 2017 Ervin ya halarci wasannin Maccabiah a Isra'ila, gasar da ke tara 'yan wasa Yahudawa daga ƙasashen duniya. A watan Oktoban wannan shekarar, a wata gasa a Brazil, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya lokacin da ake taken Amurka, irin yadda wasu 'yan ƙwallon Amurka suka riƙa yi don nuna adawa da wariyar launin fata, matakin da ya jawo masa yabo da suka. Ya yi aiki da ƙungiyar Tourette Association of America wajen wayar da kan jama'a game da larurar da ƙarfafa wa yaran da ke da ita gwiwa, ya kuma ci gaba da koyar da ninƙaya a tarurrukan horar da matasa.

A watan Yunin 2021, yana da shekara 40, ya sake shiga gasar tantance 'yan wasan da za su je Olamfik ta Tokyo. Bai wuce zagayen share fage na mita 50 ba. Dressel ne ya lashe gurbin, ya kuma gaje shi a kan kambun a Tokyo da daƙiƙa 21.07.